Fai ɗin Tut na Mahasin

Tun da Hadeel ta iso Alƙahira ba ta ƙara kiran Mahasin da Yaya ba. Idan magana ta zama dole sai ta ce "ke", ko ta juya ta faɗa wa bango abin da take son faɗa. Mahasin ta lura tun ranar farko, amma ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce a ranta wanda ya keto hamada a tsugune a bayan mota ba a neman ladabi a bakinsa sai ya huta. Aka yi wata biyu. Hadeel ta huta, har kumatunta suka ɗan ciko, amma bakin bai sauya ba.

Su biyu ne kaɗai a wajen mahaifiyarsu. A Umdurman ta ƙasar Sudan aka haife su, a gidan da kakansu ya gina bayan ya taso daga Haɗeja da niyyar aikin hajji, ya tsaya a hanya ya yi aure, bai ƙara gaba ba, bai kuma koma baya ba. Hausa suke yi a cikin gida, Larabci a waje. Da yaƙi ya ɓarke, Mahasin ta fita tun a makonnin farko tare da mijinta Hamad da 'ya'yansu, suka kama shaƙƙa, wato sashen haya mai ɗaki biyu, a hawa na biyar na wani tsohon gini a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira. Hadeel ta zauna da Inna, wadda ciwon suga ya riga ya taɓa mata ƙafa, ba ta iya doguwar tafiya. Inna ta rasu cikin sanyin da ya wuce. Bayan rasuwar ne Hadeel ta biyo hanya da jaka ɗaya a hannu.

A hawan da ke ƙasansu akwai Nana Fatima, matar wani ɗalibi daga Zariya. Ita ce ta fara buga wa Mahasin ƙofa a makon da suka tare, da ta ji ana yi wa yara faɗa da Hausa a matakala. Ta ara mata tukwane, ta nuna mata inda ake samun kuka da daddawa, ta kuma koya mata kwaɓin mitfai, wanda take yi tana sayar wa ɗalibai a Darrasa da Abbasiya. Mahasin ba ta manta wannan ba. Da Nana Fatima ta haihu, sai ta ƙudura cewa ranar suna za ta kai abin da babu wanda zai kai irinsa: fai babba a siniya, wato faffaɗan tiren gashi, amma maimakon nama a cika shi da tut.

Tut 'ya'yan itace ne ƙanana, baƙi-baƙi, masu zaƙi da ɗan tsami, da suke nuna a farkon zafi. Ana tallarsu a kan amalanke, sai dai kafin rana ta yi tsaka sun dagargaje, ƙuda na bi. Hamad ya taɓa nuna mata wasu bishiyoyi a bakin tur'a, wato magudanar ruwan da ke ratsa gonaki a hanyar Kirdasa, waɗanda suka fito da kansu, babu mai su. Can take son zuwa. Amma aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya hau ya girgiza, ɗaya ya tara a ƙasa. Hamad yana shagon gyaran waya, yara suna makaranta. Saura Hadeel.

Ta same ta a baranda tana shan shayi, ta yi mata bayani a taƙaice, tana kallon igiyar shanya maimakon fuskarta. Hadeel ta saurara har ƙarshe, ta ajiye kofi.

"In dai don baƙi ne, ai ba kya gajiya," ta ce.

Duk da haka ta tashi ta sa takalmi. Mahasin ta koma ciki. Ta ɗauki bokiti, ta shiga ɗakin da Hadeel ke kwana da yara, ta buɗe durowar kaya ta zaro wani tsohon ƙyalle da ta gani a can ƙasa a ninke, ta cusa shi cikin bokitin ba tare da ta warware ba.

Tuktuk, keke mai ƙafa uku, ya kai su ƙarƙashin babbar gada, daga nan suka shiga mikrobas, ƙaramar bas ta haya. Akwai wuri biyu a jere a baya, amma Hadeel ta wuce ta matsu kusa da wata mata mai kwandon tumatir. Har suka sauka ba wadda ta dubi 'yar'uwarta.

Bishiyoyin suna nan inda Hamad ya ce, guda uku, rassansu sun sunkuya kan ruwan da ya yi kore. Ƙasan ta tsakiya duk ya yi baƙi da 'ya'yan da suka zube aka tattaka. Can nesa wani manomi yana jan jaki, bai ko waiwayo ba. Hadeel ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta cire takalmi, ta kama reshe ta hau kamar yadda take hawa dalbejiyar gidansu tana yarinya. Mahasin ta warware ƙyallen ta shimfiɗa, ta danne bakinsa da duwatsu.

Hadeel ta fara girgiza reshen da ƙarfin da ya wuce na aikin. Tut ya dinga zubowa kamar ƙanƙara, wani a kan ƙyallen, wani a kan Mahasin, wani cikin ruwa. Mahasin ta ce ta sassauta, nunannun ne ake so, kada ta zubo da ɗanyu. Hadeel ta ƙara ƙarfi. Ta koma wani reshen, sannan wani. Sai da ta tsaya ta share gumi ta leƙo ƙasa.

Reshen ya daina motsi. Mahasin ta ɗaga kai ta ce ta ci gaba, saura kaɗan bokitin ya cika. Hadeel ta saki reshen. Ta sauko a hankali, ta tsaya a bakin ƙyallen ba takalmi. Lafaya ce, wadda su suke kira tob, mai ruwan madara da ƙananan furanni kore a baki. Yanzu tsakiyarta duk ta yi ɗigo-ɗigo da jan da ya kusa baƙi, kuma inda Mahasin ta durƙusa tana tarawa ruwan tut ɗin ya malale ya yi faɗi.

"Ina kika ɗauko wannan?"

"A ƙasan durowa. Na ga ta koɗe, na zaci ba mai so."

"Ta Inna ce. Ita ce a jikinta ranar da ta cika."

Mahasin ta tsaya a durƙushe da tut cike da tafin hannunta. Ta ce ita ba ta taɓa ganin Inna da wannan tob ba, ta san kayan Inna ɗaya bayan ɗaya. Hadeel ta ce gaskiya ne ba ta taɓa gani ba, domin sai bayan tafiyarta masu bindiga suka shigo suka kwashe akwatin Inna, wata maƙwabciya ta ji tausayi ta ba ta wannan. Ta ce akwai abubuwa da yawa na Inna da Mahasin ba ta gani ba.

"Ma'alish, ki yi haƙuri," in ji Mahasin. "Wallahi ban sani ba."

"Ma'alish," Hadeel ta maimaita, kamar mai ɗanɗana abin da ya ruɓe.

Abin da Mahasin ta yi bayan nan shi ne Hadeel ta fi kasa yafewa. Ta dubi lafayar, ta ga ɓarnar ta riga ta faru, ta dubi tut ɗin da aka sha wahala aka zubo, sai ta ci gaba da tsincewa tana zubawa a bokiti. A ganinta barin su a ƙasa ba zai cire tabo ko ɗaya ba. Hadeel tana tsaye tana kallonta har ta tsince na ƙarshe. Sannan ta fizge lafayar, duwatsun suka gangara cikin ruwa, ta dunƙule ta a ƙirji ta kama hanyar titi. Mahasin ta biyo ta da bokiti da takalman da ta bari.

Sun dawo rana na tsaka, suka tarar an ɗauke wuta, kamar yadda ake yi kusan kullum a wannan zafin. Fanka a tsaye, firji ya fara zufa. Hadeel ta shige banɗaki da lafayar ta sa sakata. Daga kicin Mahasin tana jin ƙarar ruwa da ta cuɗa. Ta je ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kada ta sa ruwan ɗumi, ta gwada lemun tsami da gishiri. Ta yanka lemun ta ajiye a ƙasa gaban ƙofar tare da gishiri a murfin kwano, ta koma.

Kwaɓin fai ba ya son zafi. Nana Fatima ta sha gaya mata cewa idan zibda, wato man shanun da ake kwaɓin da shi, ta narke kafin ta shiga wuta, to abin da zai fito fanke ne mai tauri. Mahasin ta taɓa zibdar ta ji ta fara laushi. Ta ɗauki kwano ta sauka har ƙasa, ta sayo ƙanƙara a kantin kusurwa, ta hawo tana haki. Ta zuba ƙanƙarar a babbar roba, ta ɗora kwanon fulawa a kai. Ta yayyanka zibdar ƙanana, ta sa ɗan gishiri da cokalin sukari, ta dinga murzawa da kan yatsu da sauri har garin ya koma kamar tsaki. Ta yayyafa ruwan ƙanƙara kaɗan-kaɗan, ta tattara shi ya zama dunƙule, ba ta cuɗa ba. Ta raba biyu, ta naɗe a leda, ta binne cikin ƙanƙarar.

Sannan ta zauna a kujerar tsugunno da bokitin. Kowane tut yana da ɗan tsinke kore a gindi, dole a cire shi ɗaya-ɗaya, in ba haka ba ya maƙale wa mai ci a haƙori. Aikin ya daɗe. Yatsunta suka rine har cikin farce. Gumi na gangaro mata a baya, ƙamshin tut ɗin ya cika ɗan kicin ɗin, mai zaƙi da ɗan warin ƙasa. Ta wanke su a hankali a matsami, ta zuba rabi a tukunya da sukari da ruwan lemun da garin sitaci, ta ɗora a wuta har ya yi kauri ya fara ɓul-ɓul, sannan ta sauke ta juye ɗanyun a ciki don kada duka su narke.

Tana murza kwaɓin da kwalba a kan tebur ta ji an zare sakata. Hadeel ta zo ta tsaya a ƙofar kicin da lafayar a hannu, ruwa na ɗiga a ƙasa. Jan ya koma toka-toka mai shuɗi, ya kuma bazu har ya kai ga furannin. Lemun da gishirin suna nan a inda aka ajiye su, ta tsallake su.

Ta fara magana a hankali, kamar mai karanta labarin wani. Ta ce tun da ta zo ba wanda ya tambaye ta yadda Inna ta mutu. An yi mata ta'aziyya, an ce Allah ya ji ƙai, an ba ta katifa, amma ba a tambaya ba. To yau za ta faɗa, ko ana so ko ba a so. Ta ce allurar Inna ta ƙare, ta bi kantunan magani a ƙafa, wasu a rufe, wasu a ƙone. Ta ce ƙafar ta fara wari, ita ce take wankewa da ruwan gishiri, Inna tana cije bakin wannan tob ɗin don kada maƙwabta su ji. Ta ce a kwanakin ƙarshe Inna ta daina gane ta, tana kiranta Mahasin, ita kuma tana amsawa. Ta ce ba a iya kai gawa maƙabarta ba saboda harbi, a filin da yara ke buga ƙwallo a bayan gidan aka haƙa, tsofaffi uku suka yi mata salla, ita da maƙwabciyar suka yi wanka.

Mahasin ba ta daina murza kwaɓin ba. Ta ɗaga shi a kan kwalbar ta shimfiɗa a siniya, ta danna gefe da gefe da babban yatsa. Wuri ɗaya ya yage, ta liƙe shi.

"Kina ji na kuwa?"

"Ina jin ki."

"To ki ajiye wannan abin ki dube ni."

"In na ajiye zai narke."

Hadeel ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce haka Mahasin take tun suna yara, kullum akwai abin da zai narke, ko zai ƙone, ko zai wuce ta idan ta tsaya. Ta ce motar da ta fitar da su Mahasin daga Umdurman ma ai haka aka ce, za ta tashi idan ba a yi sauri ba.

A nan Mahasin ta juyo. Ta ce Inna da bakinta ta ce ta tafi, ta rantse ba za ta yafe mata ba idan ta bar jikokinta a ƙarƙashin harsashi, kuma Hadeel tana tsaye a ɗakin lokacin da aka faɗa. Ta ce ta kwana huɗu a bakin iyaka da yara a kan kwali. Ta ce ta aika magani sau biyu ta hannun direbobi, bai isa ba, kuma babu ranar da ba ta kira ba sai idan layi ya mutu. Hadeel ta ce e, ta kira, muryarta tana fitowa tas daga Alƙahira, har ana jin ƙarar fanka a bayanta.

Da Mahasin ta tsaya a nan, wataƙila da abin bai kai inda ya kai ba. Amma zafi da gajiya da kunya sun taru mata.

"Kada ki mai da kanki waliyyiya a gabana," ta ce. "Hamad ya samar miki kujera a motar, ya ce za mu ɗauki Inna a kwance. Ke kika ce a jira. Ba don Inna kika zauna ba, don Amjad kika zauna, kina jiran ya zo ya ɗaura aure ya fita da ke. Ya zo?"

Amjad shi ne wanda aka yi wa Hadeel baiko da shi kafin yaƙi. Ya fita ta Habasha ba tare da ya yi mata sallama ba, daga baya aka ji ya yi aure a can. Ba wanda ya taɓa ambatar sunansa a gidan.

Hadeel ta tsaya kamar an watsa mata ruwa. Ba ta ƙaryata ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta dubi Mahasin na ɗan lokaci, ta juya ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Mahasin ta juye tut ɗin cikin siniyar, ta baje da bayan cokali. Ta murza ɗaya rabin kwaɓin, ta yanka shi siri-siri, ta jera a kai tana saƙawa kamar tabarma, ɗaya bisa ɗaya ƙasa. Ta shafa ƙwai, ta barbaɗa sukari. Ta durƙusa ta kunna tanderun gas da ashana, ta tura siniyar. Sannan ta zauna a ƙasa ta jingina da firjin da ba ya aiki. Ta san abin da ta faɗa gaskiya ne, ta kuma san bai kamata ya fito ba. Sau biyu tana miƙewa da niyyar buga ƙofar ɗakin, sau biyu tana tuna dariyar nan ta koma ta zauna.

Fai ɗin ya yi kyau fiye da yadda ta zata. Saƙar ta yi ja kamar gasasshiyar gurasa, ruwan tut ya tafaso ta ramukan ya daskare a gefe yana ƙyalli. Ta fito da shi da tsumma ta ɗora a teburin falo kusa da taga don ya huce, ta rufe da kwandon roba saboda ƙuda. La'asar ta yi. Ta shiga banɗaki ta yi wanka, ta goge yatsunta da lemun da Hadeel ta ƙi ɗauka, ta yi alwala ta shiga ɗakinta ta yi salla.

Da ta fito, kwandon yana kife a kan tebur, babu komai a ƙarƙashinsa. Ƙofar shaƙƙa a buɗe. Ta leƙa ta baranda.

A kusurwar layin, jikin bangon wani gareji, akwai teburin shayin Awadiyya, wata dattijuwa daga unguwarsu ta Umdurman, wadda ta san Inna tun suna 'yan mata. Da yamma mutanen Sudan suke taruwa a wurinta a kan ƙananan kujeru, tare da direbobin tuktuk da masu gyaran mota. A kan teburin, tsakanin kwalaben citta da kirfa, Mahasin ta hango siniyarta. Hadeel tana tsaye a kanta da wuƙa.

Mahasin ta sauko ba ta san yadda ta taka matakalar ba. Kafin ta isa an riga an cinye fiye da rabi. Hadeel tana yankawa tana ɗorawa a kan guntayen jarida, tana miƙa wa duk wanda ya miƙo hannu, tana cewa da Larabci sadaka ce ta mahaifiyarta, a yi mata Fatiha. Fai ɗin bai gama hucewa ba, ruwansa yana zuba a yatsun mutane. Wani direba yana lasar hannu yana tambaya me ake kiran wannan abin. Wani tsoho ya ce tun da ya bar Sudan bai ci abu mai daɗi haka ba.

Mahasin ta tsaya a gaban teburin. Hadeel ta ɗago ta dube ta ido cikin ido, ta ci gaba da yanka.

Awadiyya ta ga Mahasin, fuskarta ta washe. Ta ce wa mutanen ga babbar 'yar marigayiyar nan, ita ce mai hannun da ya yi wannan, Allah ya yi wa 'ya'yan nan albarka da suka tuna da uwarsu a ƙasar mutane. Ta ɗaga hannu ta ce a yi Fatiha. Kowa ya ɗaga. Mahasin ta duba hagu da dama, ta ga babu yadda za ta yi. Ba a ƙwace sadaka daga bakin mai ci, ba a kuma tsayawa da hannu a ƙasa ana yi wa uwarka addu'a. Ta ɗaga hannuwanta masu shuɗin farce, ta karanta tare da su, ta shafa.

Da aka gama ta matsa kusa da Hadeel, ta yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa, yadda ko Awadiyya ba za ta ji ba.

"Ba don Inna kika yi wannan ba."

"Ke ma ba don ita kika gasa ba."

"Kada ki kwana a gidana yau."

"Jakata tana ƙarƙashin teburin nan."

Mahasin ta duba. Jakar tana nan kusa da buhun gawayi, wadda Hadeel ta zo da ita daga Umdurman. Ashe tun tana salla aka haɗa ta. Ta jira aka kwashe yankan ƙarshe, ta ɗauki siniyarta da babu komai sai ɓurɓushi da jan ruwa, ta juya. Awadiyya ta kira ta ta zauna ta sha shayi, ta ce yara sun kusa dawowa.

Hamad ya dawo da magariba ya ji labari. Ya ce abin kunya ne a ce 'yar'uwar matarsa tana kwana a ɗakin mai shayi alhali yana da rufi a kansa, ya sauka ya je ya same ta. Ya daɗe. Da ya hawo shi kaɗai ya hawo. Ya ce Hadeel ta gaishe shi da mutunci, ta gode masa da katifa da abinci, ta ce Awadiyya tana neman mai taya ta wanke kofuna, kuma ɗakinta ya ishe su su biyu. Ya tambayi Mahasin me ta gaya wa yarinyar nan. Ta ce gaskiya ta gaya mata. Ya ce ba kowace gaskiya ake gaya wa wanda ya binne uwa da hannunsa ba. Ta ce to ita ma uwarta ce.

Washegari Mahasin ta sayi basbusa a shagon kayan zaƙi ta kai gidan suna. Nana Fatima ta karɓa da murna, ta tambayi ina Hadeel. Ta ce ba ta jin daɗi. Wata daga cikin matan ɗaliban ta ce ai jiya mijinta ya ci wani abu mai daɗi a wurin mai shayi, an ce sadakar wata 'yar Sudan ce, ko Mahasin ta san masu yi. Mahasin ta ce ba ta sani ba, ta karɓi jaririyar ta sunkuyar da kai a kanta.

Layi ɗaya ne tsakanin ginin da teburin Awadiyya, amma Mahasin ta sauya hanyar kasuwa. Tana zagayawa ta bayan masallaci, ko da kaya a hannu, ko rana na dukan kai. Hamad kuwa ya ɗauki al'adar tsayawa a can kowace safiya ya sha shayi kafin ya wuce shago. Ta sani, don tana jin ƙamshin citta a rigarsa, amma ba ta tambaya ba har aka yi babbar salla.

Ranar sallar suna zaune tana yanka naman da maƙwabta suka aiko, ta tambaye shi, ba tare da ta ɗago ba, ko Hadeel tana lafiya. Ya ce lafiya lau, ta ɗan rame, amma mutane suna son shayinta. Sannan Mahasin ta ce ko Hadeel ta taɓa tambayar ta.

"Tana tambayar yara," in ji Hamad.

Mahasin ta gyaɗa kai. Ta ware tsoka mai kyau ta zuba a leda, ta ɗaure, ta tura gabansa. Ta ce ya kai wa Awadiyya, ya ce daga gare shi ne.